Jean Tilho: Baturen da ya kafa tangaraho a kudancin Magarya da Dungas

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Magarya ya bi ta Tinkim zuwa Babban Mutum, ko kuwa ya kora dabbobi daga ƙasar Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, to ya san wurin da mota take tsayawa a sauko, a kwance buhu, jami'in duwan ya duba, can gaba kuma na kwastan ya sake dubawa, sannan a nemi ɗan canji a mayar da sefa naira. Iyayenmu mata masu sana'ar man gyada da ƙuliƙuli sun fi kowa sanin wannan wuri, domin wata a gefen nan aka haife ta, a wancan gefen aka kai ta aure. Haka kuma ba mu manta da halin da aka shiga ba lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, inda kaya suka lalace a hanya, jarin mutane da yawa ya karye.

A filinmu na tarihi na yau mun ɗauko mutumin da ya jagoranci ɓangaren Faransa wajen shata wannan iyaka a ƙasa, wato Jean Tilho. Sunansa ba ya yawo a bakin jama'a kamar na Lugga, amma aikin hannunsa muna cin karo da shi kowace ranar kasuwa.

An haifi Jean Auguste Marie Tilho ranar 1 ga Mayu 1875 a wani ƙaramin gari mai suna Domme a kudu maso yammacin Faransa. Ya yi makarantar horar da hafsoshi ta Saint-Cyr, ya shiga rundunar da Faransa take turawa ƙasashen da ta mamaye, kuma tun yana matashin hafsa aka kawo shi Afirka ta Yamma, yankin kogin Kwara. Abin da ya bambanta shi da sauran abokan aikinsa shi ne son lissafi da duban taurari. A wancan zamani kuwa irin wannan mutum Faransa take nema ruwa a jallo, saboda ta yi ta sa hannu a takardun rabon ƙasa da Ingila alhali ba ta san yadda ƙasar take ba.

Ga yadda abin ya faro. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila. A watan Yunin 1898 suka sake zama a Paris suka ƙara fayyace shi. A nan ne aka ɗora tsinken zana da'ira a kan birnin Sakkwato, aka zagaya mil 100, aka ce duk abin da ya faɗa ciki na Ingila ne, daga nan kuma layin ya miƙe gabas yana lanƙwasa kamar matakala. To, mai karatu ya lura da wannan: bisa takardar 1898, layin ta arewacin Magarya da Dungas ya bi. Da an tsaya a kanta, da yau garuruwan nan biyu, har da Maraɗi, suna cikin Najeriya, da naira ake ciniki a kasuwanninsu, da Turanci 'ya'yansu suke karatun boko.

Sai dai da Faransawa suka shigo ƙasar da ƙafarsu suka ga an yi masu sakiyar da ba ruwa. Hanyar da aka bar masu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta daji ne mai ƙarancin rijiyoyi, ayari ba ya iya bin ta da rani sai da hasarar dabbobi, ƙasar noma kuwa mai gero da dawa da mutane da yawa ta koma hannun Ingila. Shigar tasu ma ba ta alheri ba ce. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garuruwa ta kashe jama'a, musamman a Birnin Ƙonni, kuma a shekarar ne aka ci Damagaram da yaƙi bayan karon Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga.

An tura kwamitin haɗin gwiwa na farko a 1903 zuwa 1904 don ya auna layin 1898 a ƙasa. Kyaftin Moll ne ya shugabanci Faransawa, Tilho kuma yana cikin mataimakansa, kuma a wannan tafiya ce ya fara ganin tafkin Chadi, wanda ya zame masa abin nazari har ƙarshen rayuwarsa. Suna cikin aikin sai labari ya sauya a Turai. Ranar 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka yi wata babbar sulhu a Landan, wadda duk ɗan kasuwa zai gane ta da ciniki ce tsagwaronta. Faransa tana da wani tsohon haƙƙi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gabashin Kanada. Ta haƙura da shi. Ingila kuma ta biya ta da wasu ƙananan tsibirai a gaban Konakiri, da wani yanki a bakin kogin Gambiya, sannan ta yarda a turo iyakar Kwara zuwa Chadi kudu, don Faransa ta samu hanya mai ruwa. Aka kuma rubuta cewa, gwargwadon iko, mutanen da ke ƙarƙashin Tasawa da Maraɗi da Damagaram a bar wa Faransa, na Barno a bar wa Ingila. Ashe ke nan busasshen kifin wata ƙasa mai ƙanƙara, wadda kakanninmu ba su taɓa jin sunanta ba, yana cikin kuɗin da aka sayi Magarya da Dungas da shi.

Bayan wata yarjejeniyar ta 29 ga Mayu 1906, sai aka naɗa sabon kwamiti da zai bi layin ƙafa da ƙafa ya kafa alamu. Wannan karon Kyaftin Tilho ne shugaban Faransawa yana da shekara 31, Manjo O'Shee kuma na Ingilishi. Tilho bai tafi da sojoji kaɗai ba. Ya ɗauki hafsan jirgin ruwa Audoin, da likita Gaillard wanda ya riƙa tattara bayanan cututtuka da tsirrai da dabbobi, da masanin duwatsu Garde, da kuma tafinta Landeroin. Suka faro daga bakin Kwara suka nufi gabas, a cikin 1907 suka bi ta kudancin ƙasar Damagaram, suka kammala kafa alamu a farkon 1908 a bakin tafki.

Yana da kyau mu ɗan tsaya mu ga yadda ake irin wannan awo a lokacin da babu jirgin sama, babu tauraron ɗan'adam, babu wayar hannu da za ta nuna wa mutum inda yake. Da rana ana tafiya ne da kamfas a hannu, ana ƙidaya taku ko ana duba agogo, ana rubuta kowace rijiya da kowane tudu da kowane ƙauye da sunansa. Amma irin wannan lissafi kamar awon hatsi ne da tafin hannu: kuskure kaɗan-kaɗan yana taruwa har ya zama buhu. Don haka sai a jira dare. A kafa na'ura a fili, a auna tsayin wasu sanannun taurari daga doron ƙasa, daga nan a san nisan wurin daga tsakiyar duniya, kudu ko arewa. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne gabas da yamma, domin sai an san ƙarfe nawa ne a Paris a daidai lokacin da ake awon, a kwatanta da lokacin wurin da ake. Shi ya sa suke tafe da agoguna na musamman a cikin akwati, ana lallaɓa su kamar ƙwai, ana yi masu wani kowace rana a lokaci guda. A daidai yankinmu, idan agogo ya yi kuskuren minti ɗaya tak, gari zai goce daga wurinsa a taswira da kusan kilomita 27, wanda ya isa ya fitar da ƙauye daga wata ƙasa ya jefa shi wata. Tsayin tudu kuwa da ma'aunin nauyin iska ake gane shi, ko a tafasa ruwa a auna zafinsa, saboda ruwa yana saurin tafasa a kan dutse fiye da a kwari.

A kan wannan ba mu da abin da za mu rage wa Tilho. Ya iya aikinsa, kuma ba mai gaggawa ba ne.

Alamu 148 suka kafa daga Kwara zuwa tafkin Chadi, a tsawon da ya kai kusan kilomita 1,500, aka kuma tabbatar da aikin a wata takarda da aka sa wa hannu a Landan a watan Fabrairun 1910. Wasu alamun tarin duwatsu ne da aka ɗaure da siminti, wasu gumagumai ne na itace, wasu kuma turakun ƙarfe ne irin na wayar tangaraho da Ingilishi suke amfani da su a Arewacin Najeriya. Daga nan ne mutanen karkarar Daura da Magarya suka samo sunan da suke kiran alamar iyaka da shi, wato tangaraho. Wani Ba'amurke mai suna William Miles, wanda ya zauna a ƙauyukan Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ya rubuta littafi a 1994 kan yadda turakun nan suka raba maƙwabta masu harshe ɗaya da addini ɗaya.

Abin da awon taurari ba ya iya nunawa shi ne zumunci. Bayan jihadi, gidan sarautar Haɓe na Daura ya watse ya kafa Zango da Baure, kuma sarautar Magarya ma daga wannan tsatso ta fito. Dungas ita kuma tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirya da Washa, waɗanda Damagaram ta rinjaya a ƙarni na 19. Da aka ja layi, Zango da Baure suka faɗa hannun Ingila, wadda ta haɗa su da Daura a ƙarƙashin Sarki Malam Musa, Magarya kuma ta faɗa hannun Faransa. An tambayi masu gari ina gonakinsu suka tsaya da wa suke kai wa gaisuwa, amma shawarar ko a raba ko kada a raba an riga an yanke ta a Landan. Sarkin Damagaram ɗin ma da aka yi amfani da sunan ƙasarsa wajen neman yankin, wato Amadu Ɗan Bassa, Faransawa sun tuɓe shi a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa. Mai ƙasa yana tsare a wata uwa duniya, baƙi suna auna masa ita.

Talakawa ba su daɗe ba suka gane amfanin tangaraho ta wata fuskar. Harajin Faransa ya fi nauyi, ga aikin dole wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga ɗibar samari soja. Saboda haka in wuya ta yi wuya, sai gida guda ya kwashe da dare ya tsallaka kudu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyada ya buɗe, ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman gyada a Nijar, buhuna suka riƙa bin duk gefen da farashi ya fi tsoka, ko hukuma ta so ko ta ƙi. Sana'ar fito da ta canji duk 'ya'yan wannan layi ne. Wasu sun yi arziki da shi, wasu da yawa kuma ya cinye masu uwar kuɗi.

Akwai wani abin da tafiyar ta bari wanda ya shafe mu kai tsaye. Landeroin ya zauna da fadawa da dattawa ya rubuta tarihin sarautun da suka ratsa, har da Damagaram da ƙasashen Sosebaki, kuma masu binciken tarihin yankin suna komawa ga rubutun nasa har yau. Shi da Tilho sun fitar da littafin nahawun Hausa da tatsuniyoyi a 1909, suka biyo shi da ƙamus na Hausa da Faransanci. Sakamakon tafiyar gaba ɗaya ya fito a manyan littattafai uku tsakanin 1910 da 1914, ɗauke da sunan Tilho. Su kuwa 'yan dako da masu raƙuma da jagororin da suka nuna rijiyoyi, waɗanda ba don su ba da ayarin bai kai ko'ina ba, ba da su ake kiran littafin ba.

Bayan gama iyaka Tilho bai koma gida nan take ba. Ya tsaya ya zana taswirar tafkin Chadi, inda ya tarar ya ja baya ƙwarai idan aka kwatanta da yadda ya gan shi a 1904, har ɓangaren arewa ya bushe ana tafiya a ƙasa. Daga baya shi ne ya kasa yanayin tafkin gida uku, babba da matsakaici da ƙarami, kuma masana suna amfani da wannan rabo har yanzu. Ya kuma gano cewa a arewa maso gabashin tafkin akwai wani ƙaton kwari, Bodele, wanda ya fi tafkin zurfi da sama da mita 100. Wannan kwari ba baƙonmu ba ne ko da ba mu san sunansa ba: kaso mai yawa na hazon da yake rufe mana kasuwa da hunturu, ya sa mu tari da kaushi, daga can iska take kwaso shi.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa a Turai kuwa ya zo ne daga 1912 zuwa 1917, a arewacin ƙasar Chadi ta yau. An tura shi Kanem, daga nan ya bi Kanar Largeau yaƙin da aka yi da 'yan ɗariƙar Sanusiyya, inda aka ci zawiyarsu ta Ain Galaka a watan Nuwamban 1913. Aka bar shi yana mulkin ƙasar Borku daga Faya. Kada mu manta da wannan: da bindiga ya shiga, taswira kuma kayan yaƙi ce kafin ta zama kayan makaranta.

A arewacin Faya akwai duwatsun Tibesti, ƙasar Tubawa, wadda a taswirorin Turai ta kasance kusan fili fari. Bajamushe Nachtigal ya shige ta a 1869, da ƙyar ya fito da ransa. Wuri ne na tsofaffin duwatsu masu aman wuta, da kwazazzabai masu zurfi waɗanda raƙumi ba ya iya bi sai an sauke masa kaya, rijiya da rijiya kuma tafiyar kwanaki ce. Ga wanda ya saba da zafin Damagaram abin mamaki shi ne sanyin wurin. Da hunturu ruwa yana daskarewa da dare a kan tuddan, wani lokaci har ƙanƙara takan sauka, a tsakiyar Sahara. A 1915 Tilho ya kai ga Emi Kussi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Sahara baki ɗaya, ya ƙiyasta tsayinsa da kusan mita 3,400. Awon zamani ya ba da mita 3,415. A saman dutsen akwai wani makeken rami mai faɗin sama da kilomita 10, a cikinsa kuma akwai wani ramin wanda gindinsa fari fat ne, mai hange daga nesa sai ya ɗauka ƙanƙara ce. Kanwa ce, irin wadda ake kasawa a kasuwa.

A wannan tafiya ya samu sauƙin tsohuwar matsalarsa ta agogo. A lokacin an fara aika siginar lokaci ta iska daga hasumiyar Eiffel da ke Paris, sai ya riƙa kama ta da na'urar rediyo a cikin hamada yana daidaita agogunansa. Da haka ya ɗora Borku da Ennedi da Erdi da wani ɓangare na Tibesti a taswira daidai wurarensu, ya kuma nuna cewa babu wata hanyar ruwa da ta haɗa tafkin Chadi da kogin Nilu kamar yadda wasu suka daɗe suna zato. A 1917 ya fita ta Darfur da Khartum ya koma Faransa, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinariya a 1918, a 1932 aka zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Faransa, a soja kuma ya kai muƙamin janar.

Da tsufa ya kama shi, hankalinsa ya koma kan tafkin Chadi. Kogin Logone yana cikin masu ciyar da tafkin, kuma da damina wani ɓangare na ambaliyarsa yakan malala yamma ta fadamun Tuburi ya faɗa Mayo Kebbi, daga nan ya shiga Binuwai. Tilho ya ji tsoron wata rana kogin zai juya gaba ɗaya ya bi wannan hanya, tafkin ya ƙafe, ƙasar ta zama hamada. Ya yi ta jan hankalin hukuma, har ya rubuta littafi a kai a 1947. Logone bai juya ba. Tafkin dai ya ƙanƙance daga shekarun 1970, amma farin da aka yi ne babban dalili, wanda manyanmu a Magarya da Dungas suke tunawa da shi ta dabbobin da suka mutu da gyadar da ta daina yi.

Tilho ya mutu a Paris ranar 8 ga Afrilu 1956, yana gab da cika shekara 81, shekara 52 cif daga ranar da aka yi cinikin kifi da ƙasa a Landan. Shekara huɗu bayan haka Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. A taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta riƙe iyakar da ta gada daga Turawa. A 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma iyakar kudu ta gundumomin biyu ita ce dai wadda Tilho da O'Shee suka auna a 1907.